Kundin jinyar tsokar mazaunai bayan faɗuwa a kan matakala

Talata, 5 ga Agusta, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda jinyar raunin da na samu jiya take tafiya, da abin da likita ya umarta, da kuɗin da ake kashewa, saboda sana'ata ɗinki ce, kuma telan da ba ya iya zama a kan benci aikinsa ya tsaya. Jiya bayan La'asar, da aka ɗauke ruwan sama, na fito daga shago zan zubar da tokar dutsen guga, sai santsin gansakukar da damina ta bari a kan matakalar siminti ya kwashe ni, na faɗi da dukan nauyina a kan kaifin matakala ta biyu. Ɓangaren hagu na mazaunaina ne ya bugu. Fata ba ta yage ba, na kuma iya miƙewa na taka ƙafar, amma kafin in isa gida wurin ya fara kumbura yana tauri.

Da dare Inna ta sa aka dafa ruwa, ta ba uwargida tsumma ta gasa mini wurin, aka shafa man zafi aka murza, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya bugu a gidajenmu. A lokacin na ji sauƙi har barci ya ɗauke ni. Da asuba kuwa kumburin ya ƙaru sosai, wurin ya yi zafi, tashi daga katifa ya gagare ni sai da na dafa bango. Yaya ya zo duba ni, ya ce a kira mai ɗori. Na ce masa, "Yaya, a bari likita ya fara gani, in ƙashi ne sai a san abin yi." Gobe da safe za mu je asibiti.

Laraba, 6 ga Agusta

Mun ɗauki shatar keke, na zauna a karkace a kan ɓangaren dama ina riƙe da ƙarfe. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya danna ƙarshen ƙashin baya, ya danna ƙashin da mutum yake zama a kansa, ya juya cinyar ciki da waje domin ya gwada gaɓar kwankwaso, sannan ya sa na ɗaga yatsun ƙafa sama, na yi 'yan taku a kan dunduniya. Ya tambaye ni ko ina jin dindiris ko minjirya suna sauka ta bayan cinya zuwa tafin ƙafa, ko fitsarina ya canza launi ya yi duhu, ko kuma ina shan maganin tsinka jini irin su asfirin. Babu ko ɗaya. Hoton ƙashi ya nuna babu karaya babu tsagewa.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da nake son in adana. Tsokoki uku ne suke jere a mazaunai, babba da matsakaiciya da ƙarama, kuma babbar ita ce tsoka mafi girma a jikin ɗan Adam. Lokacin da na faɗi, an matse naman ne tsakanin siminti da ƙashin ƙugu, zaruruwan tsokar da ƙananan hanyoyin jini suka farfashe, jini ya tsiyaya ya kwanta a ciki. A ƙarƙashin babbar tsokar ne jijiyar sayatik take wucewa, wadda ita ce mafi kauri a cikin jijiyoyin saƙo na jiki, kuma ita take kai ji da motsi har tafin ƙafa. Dalilin gwajin yatsu da dunduniya ke nan, domin idan jinin da ya taru ya danne ta, ƙafar ce take fara nunawa.

Da na gaya masa an gasa wurin an murza, sai ya ce, "Malam, zafi yana buɗe hanyoyin jini, tausa kuma tana sake tsinka abin da ya fara haɗewa. A kwanaki biyu zuwa uku na farko sanyi ake so." Umarninsa: ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, kada a ɗora ta kai tsaye a kan fata, a kwanta rub da ciki ko a ɓangaren dama da matashi tsakanin gwiwoyi, a riƙa ɗan takawa a cikin gida gwargwadon abin da ciwon ya bari. Ya rubuta farasitamol, ƙwaya biyu masu miligram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Ya hana ni diklofenak da ibufurofen, na farko saboda ina da gyambon ciki, na biyu saboda irin waɗannan magunguna suna iya ƙara tsiyayar jini a farkon rauni. Ya kuma ce in dawo nan take idan kumburin ya ci gaba da girma, ko ƙafar ta mutu, ko zazzaɓi ya taso, ko riƙe fitsari ya gagara.

Kati da ganin likita naira 3,000, hoton ƙashi naira 8,000, magani naira 1,000.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ƙanƙara ta zama aiki. Wutar unguwarmu ba ta daɗewa har firji ya daskarar da ruwa, don haka yaron shago yake sayo mini fiya wata mai ƙanƙara daga wurin masu sayar da lemo. Ga sanyin Jos a watan Agusta, gari a lumshe da hazo tun safe, mutum yana cikin suwaita da bargo yana kuma ɗora ƙanƙara a jikinsa. Inna ba ta gamsu ba. Ta ce, "Ɗan nan, sanyi a kan sanyi, ai sai ya kama maka ƙashi." Uwargida ce ta lallashe ta da cewa na kwana uku ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman tahiya, domin a yadda muka koya, a kan mazaunin hagu ake zama a fitar da ƙafar hagu ta ɓangaren dama, wato daidai wurin ciwon. Tsayuwa da ruku'u ba su ba ni wahala, sujada ma ina iyawa, amma zama da miƙewa daga sujada su ne azabar. Limamin masallacinmu ya zo gaishe ni bayan Juma'a, na tambaye shi, ya ce siffar zaman ba farilla ba ce, in zauna yadda jikina zai ɗauka. Yanzu ina jingina nauyina a dama, ina kuma dafa kujera wajen tashi. Ban je masallacin Juma'a ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

An daina ƙanƙara. Kumburin ya tsaya, bai ƙaru ba tun Alhamis. Uwargida ta haska wurin da fitilar waya ta ɗauki hoto ta nuna mini: a kan mazaunin kansa duhu ne kawai, amma a bayan cinya inda fatar ta ɗan fi haske an ga shuɗi mai duhu ya sauko kusan rabin cinya, inda ban bugu ba sam. Hankalinta ya tashi. Likita ya riga ya gaya mini cewa jinin da ya kwanta yakan bi tsakanin nama ya gangaro ƙasa saboda nauyi, kuma zai sauya daga shuɗi zuwa tsanwa, sannan ruwan ɗorawa, yayin da jiki yake narkar da shi yana kwashewa.

Mai kemis na kusa da mu, wanda mutumin kirki ne, ya aiko cewa yana da allurar da za ta kashe ciwon cikin yini guda. Na yi godiya na ƙi. Ba na ganin hikimar soka allura a naman da jini yake kwance a cikinsa, kuma an san allurar mazaunai da ba a yi ta a daidai sashen sama na waje ba tana cikin abubuwan da suke lalata jijiyar sayatik, musamman a ƙananan yara. Wannan al'ada ta neman allura a kan kowane ciwo tana bukatar a yi mata gyara a garuruwanmu.

Laraba, 13 ga Agusta

Zaman farko da likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki. Ya sa na auna ciwon daga sifili zuwa 10: a kwance 2, a tafiya bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa 3, a zama kan benci 7, a hawan matakala 8. Na tambaye shi dalilin da ya sa tafiya ba ta damuna amma matakala tana gagarata. Ya ce babbar tsokar ba ta aiki sosai a tafiyar yau da kullum. Aikinta na gaske shi ne miƙar da cinya da ƙarfi, wato tashi daga zaune, miƙewa daga tsugunne, hawan tudu da gudu. Matsakaiciyar kuma ita take riƙe ƙugu a daidai duk lokacin da mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, kuma kowane taku yana ɗauke da ɗan lokacin da ake tsaye da ƙafa ɗaya. Da ya sa na ɗaga ƙafar dama na tsaya da ta hagu, na ga da idona a madubi yadda ƙuguna ya karkata. Wannan bayani ya warware mini dalilin ɗingishin da nake yi, da kuma wahalar da nake sha a bayan gida na tsuguno.

Ya ce kwanciya ta yi amfaninta ta ƙare, domin tsokar da ta warke ba tare da motsi ba takan warke da tabo mai tauri, ta gajarce ta kuma raunana. Aikin da ya ba ni na wannan mako ƙarami ne. In kwanta rub da ciki in matse mazaunan biyu na daƙiƙa 5 in saki, sau 10. In kwanta rigingine in jawo gwiwar hagu zuwa ƙirji a hankali, in tsaya daidai inda ja ya fara, ba inda ciwo ya fara ba, in riƙe na daƙiƙa 20. A yi safe da rana da dare. Ya yarda da gashi da ruwan ɗumi yanzu, minti 10 kafin motsa jiki, abin da ya faranta wa Inna rai ƙwarai. Tausa mai ƙarfi dai har yanzu an hana. Ƙa'idarsa ita ce kada ciwo ya wuce 4 a lokacin motsa jiki, kuma ya lafa kafin wayewar gari.

Kuɗin zama naira 5,000.

Asabar, 16 ga Agusta

Ana motsa jiki yadda aka tsara. Shuɗin cinya ya koma tsanwa-tsanwa. Na rage farasitamol zuwa dare kawai.

Litinin, 18 ga Agusta

Na koma shago, amma ba kan keke ba. Akwai kwangilar kayan makaranta da na karɓa tun watan Yuli, wadda dole a gama kafin yara su koma a Satumba, saboda haka muka sake rabon aiki: ni ina teburin yanka, ina awo da zanen alli da almakashi a tsaye, yaran biyu suna kan kekuna, ƙaramin yana kalmasa da maɓallai da guga. Babban yaron ya ce, "Maigida, ka bar mana haɗin wando, kai dai ka duba wuya da aljihu." Na ji daɗin wannan magana.

Na aika aka yanko mini soso mai kauri daga wurin masu katifa, na fafe gefen hagu yadda wurin ciwon ba zai taɓa komai ba, na ɗinka masa riga da ragowar yadi. Da shi ina iya zama minti 15 kafin ciwon ya tashe ni. Soso naira 4,000. Na kuma kira magini ya kankare gansakukar matakalar ya yi mata sabon shafe mai kaushi da zane-zane, siminti da lada naira 9,000, domin mata da yara ma ta nan suke hawa kawo ɗinki.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na fara ɗaga ƙugu sama ina kwance rigingine da gwiwoyi a lanƙwashe, sau 8. Zama ya kai minti 25 a kan soson.

Litinin, 25 ga Agusta

An samu koma baya babba. Ranar Asabar aka yi mana rasuwa a Bauchi, ƙanin mahaifinmu, kuma ba rasuwar da mutum zai aika da gaisuwa ta waya ba ce. Mun hau mota a tashar Bauchi Road, mu huɗu a kujerar baya, na tafi da sosona amma matsi bai bar shi ya zauna daidai ba. Tafiyar ta haura kilomita 100, kuma duk gargadar da motar ta shiga daga Tilden Fulani zuwa Nabordo a wurin ciwon take sauka. A can kuma zaman makoki ne a kan tabarma tun hantsi har Magariba, ana tashi ana tarbar masu gaisuwa ana komawa. Washegari muka juyo.

Da na sauka a Jos ƙafar ta ƙi ɗaukata yadda ta saba. Da dare ciwon ya koma 7 ko a kwance, wurin ya sake kumbura, kuma da na shafa sai na ji wani dunƙule mai tauri a can ciki, girmansa kamar ƙwan zabo, wanda ban san da shi ba a makon jiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani ja da yake sauka ta bayan cinya ya tsaya a saman gwiwa idan na daɗe a zaune. Na gwada ɗaga yatsu da tafiya a kan dunduniya kamar yadda aka yi mini a asibiti, duka suna aiki, babu dindiris a tafin ƙafa, babu zazzaɓi. Na kira likitan fisiyo, ya ce in tsayar da ɗaga ƙugu da miƙewa, in koma ƙanƙara na kwana biyu, in zo ranar Laraba. Yau ban je shago ba, kuma yanka ya tsaya, domin yaran ba su kai matsayin da zan bar musu yadin mutane su yanka ba.

Yaya ya sake kawo maganar mai ɗori, ya ce akwai wanda ya yi masa aikin targaɗe ya warke sarai. Ba na raina masu ɗori, na ga waɗanda suka amfana da su. Amma hoto ya nuna babu ƙashin da ya goce, kuma hannu mai ƙarfi a kan wannan dunƙule shi ne daidai abin da aka gargaɗe ni a kansa. Na ba shi haƙuri, ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

Laraba, 27 ga Agusta

Likitan fisiyo ya taɓa dunƙulen ya tura ni sikanin, domin hoton ƙashi ba ya nuna nama. Ya bayyana mini abubuwa uku da yake son a bambance. Na ɗaya, gudan jini da ya rage ko ya sake taruwa, wanda jiki yakan shanye da kansa, sai dai idan ya yi girma a zuƙe shi da sirinji. Na biyu, mugunya, wadda takan zo da zazzaɓi da zafin fata. Na uku, wani yanayi da ƙashi yake tsirowa a cikin tsokar da ta bugu sosai, wanda ya fi faruwa a gaban cinya da damtse, yakan kuma fara bayyana a hoto makonni kaɗan bayan rauni, kuma tausa mai ƙarfi da sake fama wurin da wuri suna cikin abubuwan da ake dangantawa da shi.

Sakamakon ya nuna na farko ne: ɗan ragowar jini da ya daskare a cikin babbar tsokar, babu mugunya, babu alamar ƙashi, kuma bai kai girman da za a zuƙe ba. Jan da nake ji a cinya kuwa, ya ce tsokokin can ciki da jijiyar sayatik take ratsawa kusa da su ne suka ɗaure saboda doguwar zama. An mayar da ni motsin makon farko. An ƙara mini doka guda: kada zama ya wuce minti 20 ba tare da na tashi na taka ba, kuma in daina sa walat a aljihun baya.

Sikanin naira 7,000, zama naira 5,000.

Asabar, 30 ga Agusta

Kumburin ya sauka, jan cinya ya ragu. Na koma teburin yanka rabin yini.

Laraba, 3 ga Satumba

Launin fata ya koma daidai, babu shuɗi babu ɗorawa, har masu zuwa shago suna yi mini barka da warkewa. Gwajin yau ya nuna da saura. Da ƙafar dama ina ɗaga ƙugu sau 15 ba tare da wahala ba, da ta hagu kuwa a na 5 cinyar ta fara rawa, bayan cinya ya ƙwace aikin har ya nemi ɗaurewa. Likitan ya ce wannan shi ne matakin da mutane da yawa suke barin jinya, daga baya su dawo da ciwon baya ko na gwiwa, saboda sauran gaɓoɓi sun daɗe suna ɗaukar nauyin tsokar da ta raunana.

Sabon aiki: ɗaga ƙugu da ƙafa biyu sau 10, zagaye uku; kwanciya a gefen dama da gwiwoyi a lanƙwashe, ana buɗe gwiwar sama ba tare da ƙugu ya mirgina baya ba; tashi daga kujera ba dafawa; hawa da sauka a matakala guda ɗaya da ƙafar hagu a gaba. Ya ce in sayi robar motsa jiki, sai na nuna masa faffaɗar robar ƙugun wando da muke amfani da ita, ya ja ta ya ce za ta yi. Na ninka ta biyu na ɗinke bakin. Zama naira 5,000.

Litinin, 8 ga Satumba

Na hau keken ɗinki. Na fara da mai lantarki, wanda taɓa feda kawai yake bukata, minti 20 sannan in tashi in koma teburi. Butterfly ɗin ƙafa na gwada shi kaɗan da yamma da aka ɗauke wuta, na lura cewa ba taka fedar ce take tayar da ciwon ba, sunkuyon da nake yi gaba ne yake tara nauyi a gefe guda. Na ɗaga bencin da katako ya ɗan fi tsawo, yadda ƙugu zai fi gwiwa bisa. An miƙa kashi na farko na kayan makaranta.

Asabar, 13 ga Satumba

A zaman ranar Laraba ƙafar hagu ta ɗaga ƙugu sau 11, ta dama 15. Dunƙulen ya ragu sosai, sai an danna da kyau ake jin sa. Ina hawa matakala ba ɗingishi, ina miƙewa daga sujada ba dafa kujera, kuma jiya na yi zaman tahiya a hagu a kan darduma mai kauri, ciwon bai wuce 2 ba. Tsuguno mai tsawo da zama a kan tabarma su ne suka rage.

Jimillar kuɗin jinya zuwa yau naira 45,000: asibiti da hoto 11,000, magani 1,000, ƙanƙara 2,000, soso 4,000, sikanin 7,000, fisiyo 20,000. Ban haɗa da kuɗin shatar keke da gyaran matakala ba.

Tsarin makonni biyu masu zuwa: motsa jiki kwana ɗaya a tsallake ɗaya, da ƙarin ninki a robar, tafiyar ƙafa bayan Asuba, a fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin a shiga hawa da gangaren unguwa, zama a kan keke ya tashi daga minti 20 zuwa 40 idan ciwon bai kwana ba. Akwai addu'ar arba'in a Bauchi a farkon Oktoba, kuma na shirya biyan kuɗin kujerar gaba ni kaɗai, in kuma roƙi direba ya tsaya a hanya in sauka in taka. Komawa wurin likitan fisiyo ranar Laraba, 24 ga Satumba, domin a sake gwada ƙarfin ƙafafun biyu, a kuma duba dunƙulen; idan bai ɓace ba ko ya ƙara tauri, za a sake ɗaukar hoton ƙashi.